Inna Shekara, Mai Karɓar Izini a Tashar Matamaye

Duk wanda ya bi ta gaban ɗakin haihuwa na Kukar Maje bayan an idar da sallar asuba, abin da zai fara ji ƙarar tsintsiya ne, na biyu kuma faɗa. Tsintsiyar ta Inna Shekara ce, faɗan ma nata ne. Tana yi da awakin da suka kwana a baranda, tana yi da wanda ya tofar da ɓawon rake a bakin ƙofa, in ta rasa abokin faɗa sai ta yi da tsintsiyar. Daga nan ta ɗebo ruwa, ta hura wuta, ta ɗora babbar tukunya, ta wanke ledojin gadajen nan uku ta shanya a kan igiya, ta goge ma'aunin jarirai har sai ya yi ƙyalli. Kafin Madam Zuhra ungozoma ta zo ta buɗe awo da ƙarfe takwas, ko'ina ya ɗauki ƙamshin sabulu. Shekaru ashirin da bakwai ke nan tana wannan aiki.

Inna Shekara ba ta taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko. A takardun ma'aikata, mai shara aka rubuta a gaban sunanta, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Shi ya sa muka ga bai kamata ta tafi shiru ba, don wannan mai sharar ce ta hana a rufe ɗakin da take sharewa. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi, don labarin yana da daɗi!

Kukar Maje ƙauye ne da ke da ɗan nisa da Matamaye, hanyarsa kuwa yashi ce zalla. Da an gama girbi an zuba gero a rumbu, mazan garin kan ɗaure kaya su nufi Kano, Legas ko Fatakwal ci-rani, ba a sake ganinsu sai hadari ya fara haɗowa. Garin sai ya rage daga tsofaffi sai mata sai yara.

Shekaru uku da suka wuce, da kaka, takarda ta zo daga sama. Madam Zuhra ta karanta, ta zauna a kan benci ta yi tagumi. Taimakon da ake samu daga waje ya ragu, ma'aikata sun yi kaɗan. Duk ƙaramin ɗakin haihuwar da mata ba sa zuwa sosai, za a ɗauke ungozomarsa a mayar da ita gari. Za a zo dubawa a watan Maris, tsakiyar rani. A rani kuwa, sai a yi mako guda cur mata biyar ba su tako ɗakin Kukar Maje ba. Idan aka ɗauke Zuhra, duk mai naƙuda a garin da ƙauyuka shida da ke kewaye, sai dai a kwantar da ita a amalanke a ratsa yashin nan da ita.

"Inna, matan garin nan ba sa son likita ne kawai," in ji Zuhra. "Na yi wa'azin har na gaji."

Inna Shekara ta dogara tsintsiya da bango. "Ɗiyata, ke kin yi karatu amma ba ki san garinmu ba. Wa ya ce miki ba sa so? Izini ne babu. Miji ya tafi ya ce kada a fita sai da saninsa. Ciwo ya taso, a kira salularsa, tana kashe, yana can kan gini yana dakon siminti. A je wa ubansa, ya ce shi ba matarsa ba ce. A je wa uwarsa, ta ce ita ba za ta ɗauki nauyin abin da ba a ba ta ba. Kowa yana jin tsoron laifi, yarinya tana ɗaki tana murƙususu."

Ba ƙage ta yi ba. A ranin da ya gabata, wata yarinya Mansura ta yi kwana biyu tana naƙuda ana neman mijinta a waya. Ranar da aka same shi, kuka ya fashe da shi yana cewa me ake jira. An kawo ta, ita ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. Inna Shekara ce ta naɗe shi a zane da hannunta, kuma abin bai bar zuciyarta ba har yau.

"To yanzu ya za mu yi?" in ji Zuhra.

"Izinin ai a bakin maza yake. Mazan kuma duk ta tashar Matamaye suke fita. Can zan je in tare su."

Haka kuwa aka yi. Ranar kasuwa ta gama shararta da wuri, ta yafa mayafi, ta hau kabu-kabu tana salati a kowane rami, ta dira a tasha. Ta sami Sallau, mai lodin motocin Kano, mutum mai murya kamar an buga garwa, ta gaya masa abin da ya kawo ta. Sallau ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya ga tsohuwar ba wasa take ba, sai ya ɗauko mata benci ya ajiye kusa da rumfar mai rake.

Abin da ya taimaki Inna Shekara shi ne, rabin samarin nan ita ta yi musu wankan farko a duniya. Tamkar jikokinta ne, kuma kowa ya san wasan kaka da jika ba shi da hukunci. Da ta hango ɗaya ya saɓo jaka sai ta ɗaga murya: "Kai angona! Za ka gudu ka bar ni ba sallama? Zo nan, marowaci!" Tasha ta ɗauki dariya, yaro ya zo yana sosa ƙeya. Sai ta sassauta murya ta tambaye shi ko ya yarda iyalinsa ta je awo, ta haihu a likita, ta kai yara rigakafi. Kusan duka suka ce sun yarda. Wasu ma mamaki suka yi da ake tambaya.

Ta koma gida tana murna, ashe murnar ta yi wuri. Gidan farko da ta shiga da saƙon, uwar mijin ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Shekara, wa ya ji? Ke kaɗai? Gobe ya dawo ya ce bai faɗa ba, ni za a bari da abin kunya." Gida biyar ta shiga, amsa ɗaya ta samu.

Wata da ta haƙura. Inna Shekara kuwa haushi ne ya ƙara mata ƙarfi. Zuhra ta ba ta tsohuwar salularta, ta koya mata inda ake dannawa a ɗauki murya, Inna ta ɗiga jan farce a gefen wurin don kada ta ɓata. Ta koma tasha ta ɗauko muryoyi. Da ta kunna wa wata tsohuwa, sai tsohuwar ta karkata kunne ta ce, "A'a, wannan ba ɗana ba ne. Ɗana ba ya magana ta hanci." Inna Shekara ta ce ranar saura kaɗan ta haɗiye salular don takaici. Washegari ta sa aka koya mata ɗaukar bidiyo. Ga fuska, ga murya, ga Sallau tsaye a baya yana shaida, ga motar Kano. Sai a ga ta inda za a musa!

Ta kuma tsara abin da kowa zai faɗa, ba ragi. Ya faɗi sunansa da na ubansa. Ya ce ya yarda a je awo, a haihu a likita, a kai yara allura, in kuma Madam ta ce sai an wuce Matamaye ko Damagaram, a wuce ba sai an neme shi ba. Akwai waɗanda in sun gama sukan waiga hagu da dama, su matso su ce, "Inna, har da maganin tazarar haihuwar nan, in tana so." Wannan ba ta kunna shi a tsakar gida. Daga mai ɗakin sai Madam Zuhra ke jin sa, kuma har yau ba wanda ya taɓa jin sirrin wani a bakinta, duk da bakin nan nata da ba ya hutawa.

Ke ce, Inna Shekara, kika gane abin da masu manyan takardu ba su gane ba. An yi ta buga ganga ana kiran mata, ke kika ce a tambayi mai riƙe da ƙofa. Ke ce kika sha rana a tasha da gwiwar da ke miki ciwo, hayaƙin mota na shiga idonki, ba wanda ya aike ki. Uwar marasa baki, sannu da ƙoƙari.

Sai dai akwai gida ɗaya da ya gagara, kuma shi ne gidan da kowa ke kallo. Alhaji Abubakar dattijo ne mai faɗa a ji, 'ya'yansa maza huɗu duk da matansu a gida ɗaya. Bai taɓa cewa kada a je likita ba, bai kuma taɓa cewa a je ba. Mutane da dama a garin suka ce sai sun ga abin da gidan Alhaji ya yi. Manyan 'ya'yansa uku sun riga sun sulale sun tafi ta wata hanya. Saura autan, Abdulƙarim, wanda amaryarsa A'i ke ɗauke da cikin fari.

Ranar tafiyarsa, Alhaji da kansa ya rako shi tasha. Inna Shekara ta hango su, ta kuma san inda matsalar take. Wane ɗa ne zai tsaya gaban mahaifinsa ya ambaci cikin matarsa, cikin ma na fari? Ko sunanta ba zai iya furtawa ba. Abdulƙarim ma ya hango ta, ya sunkuyar da kai ya yi sauri ya cusa jakarsa a mota, yana fatan a tashi kafin ta iso.

Bai san wadda yake wasa da ita ba. Kafin ya gama sallama da ubansa, Inna Shekara ta tattare zani ta shige motar, ta zauna daram a kujerarsa, ta rungume jakarsa a cinya.

"Inna, don Allah, wurina ne," in ji shi ƙasa-ƙasa.

"Na sani, angona. Kano za mu tare. Tunda ba ka bar wa ta gida sallahu ba, ni ma ba za ka bar ni ba."

Fasinjoji suka tuntsire. Direba ya danna oda. Sallau ya je ya tsaya a gaban mota ya harɗe hannu ya ce, "Motar nan ba ta cika ba tukuna, akwai magana a ciki." Abdulƙarim ya rasa inda zai sa kansa, gumi ya jiƙa masa riga. Ya saci kallon ubansa, ya sake sunkuyawa.

Alhaji Abubakar ya matso bakin taga yana dogara sanda, fuska a ɗaure. "Shekara, wannan wane irin rashin ta-ido ne? Yaro za ki sa ya yi maganar da ba ta dace ba a gabana?"

Nan ne ta bar wasa. "Alhaji, ka yi mini aikin gafara. Na san kunya ce, kuma kunya abu ne mai kyau. Amma na naɗe ɗan da kunyar nan ta kashe, ba na son in naɗe jikanka. Shi ba zai iya faɗa a gabanka ba. Kai kuma in ya tafi za ka ce ba matarka ba ce. To wa zai faɗa? In aka ɗauke mana Madam, ranar da abu ya taso wa yarinyar nan, a amalanke za a sa ta."

Har mai rake sai da ya dakata da fiƙa. Alhaji ya motsa sandarsa a cikin yashi. Can sai ya gyara hularsa, ya gyara wuyan riga, ya ce, "Ina abar taki? Ni za ki ɗauka."

Inna Shekara ta danna wurin jan farcen. Dattijon ya tsaya ƙyam ya ce, "Ni ne Abubakar na Kukar Maje. Duk macen da ke gidana, ta yau da wadda za a kawo gobe, in lalura ta taso ko lokacin awo ya yi, ta tafi likita. Ko ina nan ko ba na nan, ko mijinta na nan ko ba ya nan. Wanda ya hana, shi da Allah." Ya juya ga ɗansa: "Kai kuma shiga mota, ka ishe mu da gumi."

Wayyo daɗi! Sallau ya yi kabbara, fasinjoji suka ɗauka, Inna Shekara ta rangaɗa guɗa a cikin mota har direba ya toshe kunne. Kafin la'asar bidiyon Alhaji ya zaga salulolin garin kaf. A makon nan, mazan da suka riga suka tafi suka fara aiko da nasu daga Legas da Fatakwal, wani a kan gini, wani a bakin teburin shayi, kowa yana faɗin sunansa da na ubansa.

Watan Maris ya zo. Babbar likitar da aka turo dubawa ta taso da takardar ɗauke Zuhra a cikin jakarta, saura sa hannu kawai. Ita da kanta ta faɗa daga baya cewa ta zo ne da niyyar ta yi minti ashirin ta juya. Motarta ba ta sami wurin tsayawa ba. Amalanke ne ko'ina, jakuna a ɗaure a gindin itacen bedi, mata sun cika benci sun cika baranda sun shimfiɗa tabarmi har bakin hanya, kowace da karnen awonta, wato katin likita, a hannu, jarirai na ta tsala kuka. Ta tambayi direbanta ko suna ake yi a nan.

Ta kutsa ta kai bakin ƙofa, sai ta ji an daka mata tsawa: "Ke baiwar Allah, cire takalmi! Yanzu na goge wurin nan." Likita ta dubi tsohuwar, ta dubi ƙasa, ta cire takalmi. Ta tambayi ina ungozoma. Inna ta ce, "Tana ciki, ba ta da lokacin baƙi. In kin san aikin, wanke hannu ki shiga."

A'i ce a ciki. An kawo ta tun da hantsi, ba wanda ya tsaya neman kowa a waya. Ta haifi ɗiya mace lafiya, sai jini ya ɓalle. Zuhra ta yi mata allura, tana murza mata ciki, likita ta ajiye jaka ta sa mata ƙarin ruwa, Inna Shekara na miƙo abin da aka nema tun kafin a gama faɗa, bakinta na ta addu'a. An yi kusan rabin awa ana fama kafin jinin ya tsaya. A'i ta buɗe ido ta tambayi ina ɗiyarta.

Likita ta fito ta zauna a baranda ba takalmi, ta sha ruwa, ta buɗe littafin awo tana juya shafi tana girgiza kai. Ta ce wa Zuhra, "Bara war haka mata goma sha ɗaya kuka gani a wata. Bana ɗari da arba'in. Me kuka yi?" Zuhra ta nuna mai shara. Inna Shekara ta kwance bakin zaninta ta fiddo salula, ta shiga kunna mata maza ɗaya bayan ɗaya. Likita ta kalli goma, ta kalli ashirin, tana dariya tana share ido. Sai ta ce, "Yarinyar can da a kan yashi jinin nan ya same ta, da ba ta kai gari ba." Ta ɗauko takardar daga jaka ta rubuta wani abu a bayanta, ta ce, "Madam, ba inda za ki."

Matan baranda suka ji. Guɗar da aka yi ran nan, an ce har masu ban-ruwa a lambunan rake sun ɗaga kai. Inna Shekara da ba a taɓa gani tana rawa ba ta jefar da tsintsiya ta taka, gwiwar ma ta manta da ita. Da ta gaji ta zauna ta yi kuka mai isarta, sannan ta tashi ta kori akuyar da ta shigo cikin hayaniyar.

Yau Madam Zuhra na nan, har an ƙaro mata mataimakiya. Ƙauyuka biyu na wajen Ɗan Barto da ɗaya a Dawce sun turo mata su koyi yadda ake yi. Bana da kaka, tun kafin Inna ta iso tasha ta tarar maza sun yi layi a gaban bencinta, Sallau na tsawata musu kada a yi rige.

Inna Shekara, mun gode. Mun gode da asubancin shekaru ashirin da bakwai, mun gode da faɗan, don yanzu mun gane na ƙauna ne. Ke ce ba ki iya rubuta sunanki ba, amma kika sa aka fasa sa hannu a takarda. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya sa ki huta cikin jikoki, ya saka miki da gidan Aljanna bayan tsawon rai.

Ku kuma 'yan uwa maza masu shirin ɗaure kaya, na Matamaye da na ko'ina, kada ku jira wata tsohuwa ta zauna muku a kujera. Ku faɗa da bakinku, a gaban iyayenku, tun kuna tsakar gida. Ku ma'aikatan likita, ku riƙa tambayar masu shara da masu gadi abin da suka gani, don sun daɗe a bakin ƙofa. Duk garin da ke da ɗan ɗakin haihuwa, ya riƙe shi da zuwa, kada a wayi gari a ga kwaɗo a ƙofar.

Ranar da muka je Kukar Maje tattara wannan labari, mun tsaya gaisawa da dattijon da ke kula da maƙabartar garin. Muka tambaye shi me zai ce game da Inna Shekara. Ya ce shi bai iya yabo ba, abu ɗaya kawai ya sani. Rani uku ke nan a jere bai haƙa kabarin mai naƙuda ba.